Tarihin Lockheed da Waɗanda Sunka Sa Kuɗinsu Cikinsa

In ka ga yunwar 1973 da 1974 da idonka, ko kuwa ka ji labarinta bakin magabata, wataƙila ka ji zancen wani jirgin sama mai ƙaton ciki da farfela 4. Yana sauka ko bisa jar ƙasa, ba sai an shimfiɗa mashi kwalta ba. Ƙasashen waje sun yi aiki da irinsa wajen kai buhunan hatsi cikin ƙasashen Sahel. Sunansa Hercules, ko C-130. Sojojin Nijar ma sun samu guda 2 cikin shekara ta 1979.

Wani kampani ne na ƙasar Amurka ya ƙera shi. Sunan kampanin Lockheed, ana faɗinsa "Lokid". Babban aikinsa ƙera jiragen sama da kayan yaƙi. Amma yau ba zancen jirgi za mu yi ba. Zancen masu kampanin za mu yi, watau mutanen da sunka sa kuɗinsu cikinsa. Waɗansu sun yi arziki. Waɗansu sun sha wuya. Za ka ga abin da ya raba su.

Mine ne hannun jari?

Ka ɗauka mutum 10 na garinku sun haɗa kuɗi, sun sayi babbar motar ɗaukar kaya. Kowa ya kawo daidai da abin da ɗan'uwansa ya kawo. Ke nan kowa yana da kashi ɗaya cikin 10 na motar. Ƙarshen shekara a fidda kuɗin mai, da na direba, da na gyara. Abin da ya rage a raba. In mota ta faɗa rami ta lalace, ba wanda zai maida ma wani kuɗinsa. In ɗayansu ya gaji, sai ya nemi mai saye, ya saida mashi kasonsa bisa kuɗin da sunka shirya.

Wannan kaso shi ake ce ma hannun jari. Na manyan kampanoni ba 10 ba ne, miliyoyi ne. Akwai kasuwarsu a birnin New York, kuma farashinsu yana hawa yana sauka kullum, kamar na gero. Ka riƙe abu guda: mai hannun jari ba bashi ya bada ba. Mai bashi ana biyansa ko an ci riba ko ba a ci ba. Mai hannun jari kuwa sai an biya kowa da kowa, sa'annan a duba ko an rage mashi wani abu.

Kuɗin da za mu ambata duka na Amurka ne, ana ce masu dolar. Kada ka haɗa su da dalarmu ta kasuwa.

Kampanin da anka saya dolar 40,000

Wani mutum mai suna Allan Loughead, tare da waɗansu abokai, ya kafa kampanin cikin 1926 a jihar Kalifoniya. Sun ƙera wani ƙaramin jirgi na katako mai suna Vega, mai gudu ƙwarai. Lokacin nan mutanen Amurka sun haukace da zancen jirgin sama, don cikin 1927 wani matuƙi, Charles Lindbergh, ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai. Kowa na son hannun jarin kampanin jirgi, ko bai san abin da kampanin ke yi ba.

Cikin 1929 wani kampani na birnin Detroit ya saye Lockheed. Allan bai so ba, amma masu rinjayen jari sunka saida, shi kuwa ya yi tafiyarsa. Ba a yi wata 4 ba, cikin watan Oktoba, kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi. Bankuna sunka rufe, mutane sunka rasa aiki. Wa zai sayi jirgin sama, alhali abinci ya gagara? Kampanin Detroit ya karye, ya ja Lockheed sunka faɗi tare. Waɗanda sunka sayi hannun jarinsa cikin zafin kasuwa sunka tashi da takarda kawai.

Cikin watan Yuni na 1932 anka kai Lockheed gaban alƙali don a saida shi. Wani saurayi ɗan shekara 35, Robert Gross, mutumin birnin Boston, wanda ya san aikin banki, ya tara abokai ƙalilan sunka haɗa dolar 40,000. Ba wanda ya taya sama da su. Alƙali ya sallama masu. An ce Allan da kansa ya so ya fanshi kampaninsa, har ya tara dolar 50,000, amma ya ga kamar sun yi kaɗan, ya ji kunyar tayawa. Da ya zo ya buɗa baki, da ya koma gidansa.

Gross da abokansa sunka sa duk abin da ke hannunsu cikin jirgi guda, mai suna Electra. Na ƙarfe ne, inji 2, yana ɗaukar fasinja 10. Ya tashi cikin 1934, kuma ya samu masu saye. Kampani ya rayu, amma ba a ce ya yi arziki ba.

Arzikin ya zo cikin 1938. Ƙasar Ingila ta ga Hitler na Jamus yana shirin yaƙi, ga shi jiragenta ba su isa ba. Ta aiko mutane Amurka su nemo. Ma'aikatan Lockheed sunka yi dare da rana, cikin ƴan kwanaki sunka sassaƙa siffar jirgin yaƙi da katako, sunka nuna ma baƙin. Turawan Ingila sunka ce a ƙera masu guda 200, aka sa ma jirgin suna Hudson. Kuɗin cinikin dolar miliyon 25. Yi lissafi da kanka: ya ninka abin da Gross ya saye kampanin duka sau 625. Ba duka ne riba ba, amma daga ranar nan Lockheed ya shiga sahun manya.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aiki ya yi yawa har ya fi ƙarfin hannu. Kampanin ya ƙera jirage fiye da 19,000 kafin yaƙin ya ƙare cikin 1945. Cikinsu fiye da 9,000 irin wanda ake ce ma P-38 ne. Cikin 1943 ma'aikatansa sun wuce 90,000, da yawa cikinsu mata ne, don maza sun tafi fagen daga.

Ga abin da ya kamata a faɗa ba ɓoyo. Wayon Gross gaskiya ne, ƙoƙarinsa gaskiya ne. Amma abin da ya cika mashi aljihu yaƙi ne. Ranar da anka daina harbi, gwamnati ta soke cinikin jirage, anka sallami dubban ma'aikata. Kasuwa ba ta farfaɗo sosai ba sai da gaba ta ƙullu tsakanin Amurka da Rasha, yaƙin Koriya kuma ya tashi cikin 1950. A wannan zamani ne anka ƙera Hercules, ya yi tashin farko cikin 1954. Don ɗaukar soja da kayansu anka yi shi. Ɗaukar hatsi daga baya ne ta zo.

Wanda ya saya cikin 1967

To, yanzu ka ɗauka wani malamin makaranta ne a Amurka, ya yi shekaru yana tanadi. Cikin 1967 ya duba, ya ga ba kampanin da ya kai Lockheed tabbas. Ana yaƙi a Biyetnam. Gwamnati na saye ba ta fasawa, kuma gwamnati ba ta cin bashin mutane. Hannun jari guda ya wuce dolar 60. Malam ya sayi 100, ya biya fiye da dolar 6,000, ya koma gida yana jiran rabon riba.

Abin da bai sani ba, kampanin ya riga ya ɗauko kaya biyu da sunka fi ƙarfin kansa.

Na farko, wani jirgin soja mai suna C-5 Galaxy, wanda ya fi Hercules girma nesa ba kusa ba. Cikin 1965 gwamnati ta ce kampanoni su faɗi kuɗin da za su yi aikin. Lockheed ya faɗi kuɗi kaɗan don ya ture abokan takara, ya sa hannu bisa farashi yankakke. Ka san abin da ke faruwa ga magini da ya yanke kuɗin gina ɗaki tun bai auna ba. Da anka shiga aiki sai kuɗi sunka yi ta ƙaruwa. Cikin 1968 wani ma'aikacin gwamnati, Ernest Fitzgerald, ya gaya ma majalisa cewa abin da ya hau bisa lissafin farko ya kai wajen dolar miliyar 2. Miliyar guda miliyon dubu ce. Ladan gaskiyarsa, anka kore shi daga aiki, sai da ya yi shekaru yana shari'a kafin a maida shi. An so jirgi 115, anka tsaya ga 81. Daga ƙarshe Lockheed ya yarda ya ɗauki hasarar dolar miliyon 200.

Kaya na biyu shi ne jirgin fasinja. Shugabannin kampanin sun san haɗarin mai sana'ar da ke da mai saye guda. Sunka ce bari su nemi ƴan kasuwa su ma. Tunanin ba laifi. Sunka shirya babban jirgi mai inji 3, mai ɗaukar mutum fiye da 250, sunka sa mashi suna TriStar. Sai ga wani kampani, McDonnell Douglas, ya fito da nasa mai suna DC-10. In ka gan su tare da ƙyar za ka bambanta su. Kasuwar da ba ta isa mutum guda ya ƙoshi ba, mutum biyu sunka kasa kaya cikinta.

Injin TriStar kuwa ba Lockheed ke yinsa ba. Cikin 1968 ya ba kampanin Rolls-Royce na Ingila aikin. Su ma sun yanke farashi tun ba su gama ƙirar ba. Sunka ce fankar bakin injin ba da ƙarfe za su yi ta ba, da wani irin zare ne mai ƙarfi da anka daskare da ƙaro, don injin ya yi sauƙin nauyi. Amma akwai jarrabawa guda da ko wane inji sai ya ci. Jirgi na karo da tsuntsaye a sama, saboda haka ana harba mushen kaza cikin injin yana gudu, a ga ko zai jure. Da anka harba kaza, fanka ta farfashe. Dole anka koma ga ƙarfe, anka sake aiki. Lokaci ya tafi, kuɗi sunka ƙare. Ran 4 ga Fabrairu 1971, Rolls-Royce, kampanin da Ingila duka ke alfahari da shi, ya ce ya karye.

Ga jirage a Kalifoniya ana ƙerawa, babu injin da za a ɗaura masu. Ga bankuna 24 suna bin Lockheed bashin dolar miliyon 400, sun ce ba su ƙara ko ƙwandala. Hannun jarin da malam ya saya sama da dolar 60 ya riga ya sauko wajen 11.

Ƙuri'a guda

Gwamnatin Ingila ta karɓe Rolls-Royce ta riƙe. Ta ce za ta biya a ƙarasa injin, amma sai in ta tabbata Lockheed ba zai mutu ba. Bankuna sunka ce za su ƙara bashi, amma sai in gwamnatin Amurka ta tsaya ma kampanin. Kowa na jiran wani ya fara sa ƙafa cikin ruwa.

Shugaban ƙasa Nixon ya kai maganar majalisa. Anka yi gardama mai zafi. Waɗansu, kamar Sanata William Proxmire, sunka ce wanda ya ci riba shi kaɗai, ya ɗauki hasara shi kaɗai. Mai ƙaramin shago in ya karye wa ke tsaya mashi? Waɗansu sunka ce mutum wajen 60,000 za su rasa aiki, kuma wa zai ƙera ma soja jirage da makamai? Majalisar wakilai ta yarda da ƙuri'a 192, masu ƙi 189. Ran 2 ga Agusta 1971 majalisar dattawa ta yarda da ƙuri'a 49, masu ƙi 48. Da mutum guda ya sake ra'ayi, da labarin ya sake.

Ka lura da abin da gwamnati ta yi. Ba kyauta ta ba kampanin ba. Lamuni ta tsaya: bankuna su ƙara bashin da bai wuce dolar miliyon 250 ba, in Lockheed ya kasa biya, ita ta biya. Kuma ta sa sharaɗi. Muddin lamunin na nan, ba a raba ma masu hannun jari ko dolar guda.

Wa anka ceta ke nan? An ceci ma'aikata. An ceci bankuna. An ceci soja, masu bukatar jirage. Malaminmu kuwa, abin da ya samu kawai shi ne takardarsa ba ta zama toka ba. Tun kafin wannan an riga an daina rabon riba. Cikin 1973 kuɗin man fetur sunka hau, kampanonin sufuri sunka rage sayen jirage. Cikin 1974 hannun jarin Lockheed bai kai dolar 5 ba. Dolar 6,000 na malam sun koma ƙasa da 500. In a shekarar nan ciwo ya kama shi, ko auren ɗiya ya taso, dole ya saida a hakan.

Abin da anka ɓoye cikin littafi

Bai gama shan mamaki ba. Cikin 1975 da 1976 wani kwamitin majalisar dattawa, wanda Sanata Frank Church ke shugabanta, ya binciki littattafan kampanin. Sai ya bayyana Lockheed ya kashe wajen dolar miliyon 22 wajen toshe bakin manyan waɗansu ƙasashe, don su sayi jiragensa.

A Japan, anka kama tsohon firaminista Kakuei Tanaka cikin Yuli 1976. An tuhume shi da karɓar yen miliyon 500, kuɗin ƙasarsu, don ya sa baki wani kampanin sufuri na Japan ya sayi TriStar. Cikin 1983 alƙali ya yanke mashi ɗaurin shekara 4. Ya ɗaukaka ƙara, ya mutu cikin 1993 shari'a ba ta ƙare ba. A Holand, abin ya taɓa mijin sarauniya da kansa, Yarima Bernhard, bisa kuɗi fiye da dolar miliyon guda. Ba a kai shi gaban alƙali ba, amma ya sauka daga muƙamansa na soja. A Italiya kuwa bisa cinikin Hercules ɗin nan ne abin ya tashi, har anka ɗaure wani tsohon ministan tsaro, Mario Tanassi, cikin 1979.

Manyan shugabannin Lockheed biyu, Daniel Haughton da Carl Kotchian, sun ajiye aiki cikin Fabrairu 1976. Hujjarsu ita ce kowa haka yake yi, in ba su bada ba wani zai bada. Cikin 1977 Amurka ta yi doka ta hana kampanoninta ba ma'aikatan gwamnatin wata ƙasa cin hanci.

Ni a ganina nan ne abin ya fi muni ga mai hannun jari. Kuɗin hancin nan daga ina sunka fito? Daga asusun kampani, watau daga dukiyar masu jari. Ko wace shekara ana aika ma malam takardar lissafi, yana karantawa, amma ba a rubuta mashi wannan ba. Masu motar garinku ko ba komi suna ganin direbansu, suna iya leƙa tanki. Shi kuwa yana cikin dubban masu kampani, bai taɓa ganin fuskar waɗanda ke juya kuɗinsa ba.

Yadda abin ya ƙare

Lockheed bai faɗi ba. Aikin soja ya riƙe shi. Cikin 1977 anka janye lamunin, gwamnati ba ta biya ma kampanin ko dolar guda ba, har ma ta samu ladan tsayawa wajen dolar miliyon 30. TriStar jirgi ne mai kyau, matuƙa sun yabe shi, amma guda 250 kawai anka ƙera, kuma kuɗin da anka zuba ba su fita ba. Cikin 1981 kampanin ya ce ya daina, bayan hasarar da anka ƙiyasta wajen dolar miliyar 2 da rabi. Ya fita kasuwar jiragen fasinja, ya koma ga mai sayensa na fari.

Sa'a ta zo daidai. A shekarar nan Ronald Reagan ya hau mulki, ya ƙara kuɗin soja ƙwarai da gaske. Hannun jarin Lockheed ya yi ta hawa. Cikin 1984 anka koma rabon riba, bayan fiye da shekara 10 babu. Wanda ya yi ƙarfin hali ya saya cikin 1974, lokacin da kowa ke gudu, ya ci abin da Gross ya ci cikin 1932. Malamin 1967 kuwa, in yana raye kuma bai saida ba, a lokacin ne ya fara ganin haske.

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe cikin 1991, Amurka ta rage sayen makamai, kampanoni sunka fara haɗewa don su rayu. Cikin 1995 Lockheed ya haɗu da wani mai suna Martin Marietta, anka sa masu suna Lockheed Martin. Shi ke ƙera jirgin yaƙin da ake ce ma F-35, kuma bai daina ƙera Hercules ba, sai dai sabon samfuri. Cikin 2023 cinikinsa ya wuce dolar miliyar 67, ba wani mai ƙera makamai a duniya da ya kai shi a shekarar. Cikin ko wace dolar 100 da ta shiga asusunsa, wajen 73 daga gwamnatin Amurka sunka fito.